Gurguzu, Rashin Hukuma da Makomar Mai Cewa A'a: Darasi Daga Tarihin New Bell

 

Ranar 1 ga Disamba 2025 aka sanar da rasuwar Anicet Ekane, shugaban jam'iyyar MANIDEM, yana tsare a Yawunde. An kama shi a nan Duwala ranar 24 ga Oktoba, kwana uku kafin Majalisar Tsarin Mulki ta bayyana cewa shugaba Paul Biya ya lashe zaɓen 12 ga Oktoba da kashi 53.66 cikin ɗari, Issa Tchiroma Bakary kuma ya sami kashi 35.19, sakamakon da Tchiroma ya ƙi amincewa da shi. Iyalan Ekane da lauyoyinsa sun ce an hana shi na'urar da ke taimaka masa wajen numfashi. Hukuma ta ce ciwon da ya daɗe yana fama da shi ne ya yi ajalinsa, kuma ta ce ta buɗe bincike. Tsakanin kamun da rasuwar, unguwanninmu sun ga hayaƙi, sun ji harbi, an rasa rayuka, an kama matasa da yawa.

Tun daga lokacin wata muhawara ta kankama a majalisun shayi na New Bell Hausa, da wuraren tsayawar 'yan bensikin, da tsakanin ɗalibanmu na jami'a. Wasu na cewa dimokuraɗiyya yaudara ce ta masu kuɗi, ba abin da zai fisshe mu sai gurguzu, suna ɗaga hoton Thomas Sankara. Wasu ƙalilan sun wuce nan, suna cewa hukuma kanta ita ce cutar, a bar jama'a su tafiyar da kansu. Dukkansu suna da hujjar fushi. Amma kafin mutum ya saki reshe ya kama ganye, ya kamata ya tambayi kowane tsari tambaya guda: idan ka hau mulki, ni kuma na ce maka a'a a bainar jama'a, a ina zan kwana?

Ma'anar kalmomin biyu

Gurguzu shi ne ra'ayin cewa manyan hanyoyin samun arziki, wato ƙasa da masana'antu da bankuna, su zama mallakar jama'a baki ɗaya, kada su taru a hannun tsiraru. Masu wannan ra'ayi sun kasu. Akwai masu neman sa ta hanyar zaɓe, akwai mabiya Lenin da ke cewa sai jam'iyya ɗaya ta riƙe komai da sunan ma'aikata. Ɗaya aƙidar kuma, wadda Turawa ke kira anarkiya, ita ce ta rashin hukuma: babu sarki, babu ɗan sanda, babu kurkuku, sai tarukan unguwa da ƙungiyoyin sa kai. Asali tafiyarsu ɗaya, suka rabu a taron birnin Hague na 1872 inda aka kori Bakunin daga ƙungiyar ma'aikata ta duniya. Bakunin ya gargaɗi mutanen Karl Marx cewa gwamnatin da za su kafa da sunan ma'aikata za ta koma sabon ubangida a kan ma'aikatan. Tarihi ya gaskata shi a wannan, ko da yake shi ma maganin da ya kawo yana da nasa ciwon, kamar yadda za mu gani.

Unguwar nan ta san kuɗin magana

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. New Bell kanta an haife ta ne daga ƙwacen fili. Jamusawa sun tashi 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogin Wuri, sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ya kai kuka har majalisar dokokin Jamus, sakamakonsa aka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Baƙi daga ko'ina suka cika unguwar, cikinsu har da kakanninmu fatake.

Ranar 10 ga Afrilu 1948 aka kafa jam'iyyar UPC a Duwala. Shugabanninta da dama sun fito ne daga ƙungiyar ƙwadago, wasunsu sun karanci Markisanci, amma abin da suka fi nema shi ne 'yancin kai da haɗewar Kamaru biyu. Ruben Um Nyobe ya je Majalisar Ɗinkin Duniya a Disamba 1952 ya faɗi haka da bakinsa. Faransa ta laƙaba masu kwaminisanci. A ƙarshen Mayu 1955, zamanin gwamna Roland Pre, aka zubar da jini a titunan New Bell, hedkwatar jam'iyyar da ke unguwar ta ƙone, ranar 13 ga Yuli kuma aka haramta ta. Da aka toshe baki sai daji ya buɗe. An harbe Um Nyobe ranar 13 ga Satumba 1958, aka sa wa Felix Moumie guba a Janeba a 1960, aka harbe Ernest Ouandie a Bafusam ranar 15 ga Janairu 1971. Sai a 2025 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya amsa a rubuce cewa ƙasarsa ta yi yaƙi a Kamaru a waɗancan shekaru.

Gwamnatin Ahmadu Ahidjo, wadda ke gaba da kwaminisanci, ita ta kafa dokar 12 ga Maris 1962 kan abin da ta kira zagon ƙasa, dokar da ta sa jita-jita ko sukar hukuma ke kai mutum kurkuku. A 1966 ta dunƙule jam'iyyu suka zama ɗaya, UNC. Ekane ɗin nan da muka fara da shi yana cikin waɗanda aka kama tare da lauya Yondo Black a Duwala a Fabrairu 1990, ana zarginsu da shirin kafa wata ƙungiyar siyasa. A Disamba na wannan shekara aka fitar da dokokin 'yanci, aka halatta jam'iyyu, yau sun haura 300. Duk da haka kurkukun New Bell ya karɓi Pius Njawe, mai jaridar Le Messager, a ƙarshen 1997 saboda labari kan lafiyar shugaban ƙasa, ya karɓi mawaƙi Lapiro de Mbanga bayan tarzomar Fabrairu 2008. Wakilin sashen Hausa na RFI, Ahmed Abba, an kama shi a Marwa a Yuli 2015 ƙarƙashin dokar ta'addanci ta 2014, bai fito ba sai Disamba 2017. A Oktoba 2024 ministan cikin gida Paul Atanga Nji ya hana kafafen yaɗa labarai tattauna lafiyar shugaban ƙasa.

Abin lura a nan: a Kamaru 'yan gurguzu su ne aka rufe wa baki, masu rufewar kuma abokan jari-hujja ne. Haka aka yi wa Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar da aka haramta a 1959, haka 'yan NEPU ta Malam Aminu Kano suka sha ɗauri da bulala a kotunan En'e. Don haka wanda ya ce danniya kayan gurguzu ce kaɗai bai karanta tarihin ƙofar gidansa ba.

Da suka hau, me suka yi?

Sai dai adalci ya wajabta a juya ɗaya gefen. Bolshebik sun karɓi mulki a Rasha a Nuwamba 1917. Cikin 'yan kwanaki suka fitar da dokar rufe jaridun adawa, suka ce ta wucin gadi ce. An yi zaɓen majalisar tsara mulki, suka sami kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u, majalisar ta zauna yini ɗaya a Janairu 1918 suka watsa ta. Rosa Luxemburg, 'yar gurguzu ce ta gaske, ta rubuto daga kurkukun Jamus a wannan shekara tana jan kunnensu cewa 'yancin da aka keɓe wa magoya bayan gwamnati bai cancanci sunansa ba. A Maris 1921 sojojin ruwa na Kronstadt, waɗanda da hannunsu aka yi juyin, suka nemi sabon zaɓe da 'yancin magana, aka murƙushe su da igwa. A watan nan kuma jam'iyyar ta haramta ɓangaranci a cikin kanta. Kundin mulkin Sobiyat na 1936 ya rubuta 'yancin magana ƙarara, shekara guda bayansa aka shiga kisan gillar Stalin. An rufe dubban masallatai a Asiya ta Tsakiya, a 1943 aka kafa hukumar addini a Tashkent don malamai su kasance ƙarƙashin idon gwamnati.

A Sin, Mao ya gayyaci masana su fito su yi suka a 1956 da 1957. Da suka fito, fiye da mutum rabin miliyan aka yi wa tambarin 'yan dama, aka raba su da aikinsu, da yawa aka tura su aikin wahala. Albaniya ta rufe dukkan masallatai da coci-coci a 1967. A nahiyarmu, Sekou Toure da ya ce wa Faransa a'a a 1958 bai iya jure a'ar kowa ba. Diallo Telli, sakataren farko na ƙungiyar haɗin kan Afirka, yunwa ta kashe shi a sansanin Boiro a 1977. A Somaliya, gwamnatin gurguzu ta Siad Barre ta harbe malamai 10 a Janairu 1975 saboda sun soki sabuwar dokar iyali da ta taɓa hukuncin gado. Sankara kansa, duk da gudun duniyarsa da hidimar da ya yi wa talaka, ya kori malaman makaranta masu yajin aiki a 1984.

Me ya sa abin ke maimaituwa a ƙasashe masu nisa da juna? Dalilin yana cikin ginin tsarin. Magana tana buƙatar wurin tsayawa. Mai jarida na buƙatar takarda da injin bugawa, limami na buƙatar mumbari, mai suka na buƙatar abin da zai ciyar da iyalinsa gobe. Idan injin na gwamnati ne, aikin na gwamnati ne, gidan hayar na gwamnati ne, katin karɓar abinci ma na gwamnati ne, to ba sai an aiko jandarma ba, mutum da kansa zai kama bakinsa. Sa'an nan jam'iyyar da ta gaskata cewa ita ce bakin talakawa baki ɗaya ba ta da inda za ta ajiye mai saɓa mata sai a layin maƙiyan talakawa.

Inda 'yan gurguzu suka yarda a kayar da su a akwatin zaɓe, labarin ya bambanta. A jihar Kerala ta Indiya kwaminis sun ci zaɓe a 1957, tun daga nan suna hawa suna sauka, jaridu na sukarsu, masallatai na buɗe. Salvador Allende na Cile ya hau ta ƙuri'a a 1970, jaridun adawa suka ci gaba da zaginsa har sojoji suka kifar da shi ranar 11 ga Satumba 1973, su ne kuma suka rufe bakin kowa. PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Balarabe Musa ya sauka da majalisa ta tsige shi a 1981. Ashe abin da ya raba su da na farko shi ne barin wasu ƙofofi da ba su riƙe makullinsu ba.

Idan babu hukuma fa?

Gwaji mafi girma da masu aƙidar rashin hukuma suka yi shi ne na Sifen a 1936. Ƙungiyar ƙwadago ta CNT ta riƙe Barsalona, manoma a Aragon suka haɗa gonaki, ana yanke shawara a taron gari, kowa na da baki. Wannan ɓangaren yana da kyau, kuma yana kama da abin da muka sani na shawara. Amma a yankin da ke hannun 'yan jamhuriya an kashe limaman coci da masu hidimarta kusan 7,000, akasari a watannin farko, mayaƙan sa kai na ɓangarori daban-daban ciki har da na 'yan rashin hukuma suka aikata. Wanda aka zo ɗauka da dare ba shi da alƙalin da zai kai wa ƙara, domin an rushe kotun. Kafin shekara ta ƙare, a Nuwamba 1936, mutum huɗu daga CNT suka karɓi kujerar minista a gwamnatin da suke cewa bai kamata ta wanzu ba. A Mayu 1937 gwamnati da kwaminis suka karya su a Barsalona, a 1939 Franco ya haɗiye duka.

Mu ma mun ɗanɗani wani abu mai kama da haka. Dattawan Kasuwar Santaral da Kasuwar Kwango suna tuna 1991, lokacin da aka tsayar da garuruwa cik. Buƙatar taron ƙasa da ake nema tana da ma'ana, amma ɗan tireda da ya ce shi zai buɗe don yaransa ba su ci ba, wa ya saurare shi? Samari sun tare hanya suna sayar da jan kati, wanda bai saya ba ya san sauran. Haka ɓarawon da ake kamawa a kasuwa a yanke masa hukunci da taya da fetur kafin ya buɗe baki. Masana wannan aƙida za su ce ba wannan suke nufi ba, kuma gaskiya ne ba shi suka rubuta ba. Sai dai har yau ba su nuna mana wanda zai tsaya tsakanin mutum ɗaya da taron da ya fusata ba. Taro ma yana iya zama Fir'auna, kuma shi ba a san ƙofar fadarsa ba balle a kai kuka. An yi gudun gara an faɗa wa zago.

Malamanmu sun riga sun tattauna wannan tun ƙarnonin farko. Najdat daga cikin Khawarij, da Abubakar al-Asamm daga Mu'utazila, sun tafi a kan cewa idan mutane suka yi wa juna adalci, naɗa shugaba ba wajibi ba ne. Al-Mawardi ya ambaci al-Asamm a matsayin wanda ya fita daga ijma'i a wannan mas'ala. Jumhur sun ƙi ra'ayin saboda sharaɗin da aka gina shi a kai bai taɓa cika ba: haƙƙin maraya da bazawara da baƙo ba ya tsayuwa sai da mai tsayar da shi.

Ma'aunin da muka gada

Musulunci ya wajabta shugabanci, ya kuma wajabta a faɗa wa shugaba gaskiya. Akwai sura sukutum mai suna Shura. Hadisi ingantacce ya sanya nasiha ga shugabanni cikin ainihin addini, wani kuma ya ɗaukaka faɗin gaskiya gaban azzalumin mai mulki zuwa matsayin jihadi mafifici. Amma abin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne aikin Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda. Khawarij sun katse masa huɗuba a masallacin Kufa, sun kafirta shi. Yana da takobi, yana da runduna. Abin da ya yanke shi ne ba za a hana su masallaci ba, ba za a yanke masu rabonsu daga baitulmali ba muddin suna tare da jama'a, kuma ba za a yaƙe su ba sai in su suka fara. A duba da kyau: bai taɓa wurin maganarsu ba, bai taɓa abincinsu ba. Bai ɗaga makami ba sai da suka zubar da jini.

Imamu Malik, wanda mafi yawanmu ke bin mazhabarsa, an yi masa bulala a Madina saboda fatawar da hukuma ba ta so. Duk da haka, da wani khalifan Abbasiyawa ya so ya ɗora wa dukkan Musulmi littafinsa Muwaɗɗa, Malik ya ƙi, domin sahabbai sun watsu a garuruwa, kowane gari da ilimin da ya isa gare shi. Wanda ya sha bulala saboda ra'ayinsa ya ƙi a bugi wani don a bi nasa. Kishiyar wannan ita ce fitinar da Ma'amun ya fara a shekara ta 218 bayan hijira, da hukuma ta ɗauki fahimta ɗaya ta ce dole kowa ya furta ta, har aka daki Imamu Ahmad.

A ƙasar Hausa, da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya haɗu da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a Magami, ya ƙi karɓar dukiya. Cikin abubuwa biyar da ya nema akwai a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Da Nafata ya zo ya taƙaita wa'azi, hanyar da ta kai ga hijira zuwa Gudu a 1804 ta buɗe. Bayan nasara kuma Shehu Abdullahi ƙanensa bai yi shiru ba da ya ga wasu 'yan jama'a sun karkata ga mulki da dukiya. Ya soke su a rubuce, kuma rubutun nan yana hannunmu har yau.

'Yancin nan yana da iyaka, kuma Suratul Hujurat ta zana ta: a binciki labari kafin a yaɗa shi, a bar izgili da giba da mugun zato. Wanda ya tura muryar ƙarya a WhatsApp cewa ƙabila kaza na shirin far wa ƙabila kaza, a unguwa irin tamu da Bahaushe da Bamileke da Basa da Bamun ke shan ruwan famfo ɗaya, wannan ya kunna wuta ne. Amma iyakar alƙali mai zaman kansa ne ya kamata ya tsayar da ita, bayan an ji ta bakin wanda ake tuhuma. Idan wanda aka soka shi ne mai kamawa, shi ne mai hukunci, to iyakar ta zama tarko.

Abin da ya rage gare mu

Ga hukuma, nasiharmu ita ce a bayyana wa jama'a sakamakon binciken rasuwar Ekane, waɗanda aka kama bayan zaɓe kuma a gurfanar da mai laifi gaban kotun farar hula, a saki wanda ba a same shi da komai ba. Tarihin 1955 ya isa ya nuna inda toshe baki ke kai ƙasa.

Ga ɗalibai, ku karanta Marx da Bakunin in kuna so, kukansu kan zaluncin masu dukiya yana da gaskiya a ciki, kuma addinin da ya wajabta zakka ya haramta riba ba baƙo ba ne ga wannan kuka. Amma duk wanda ya zo neman ku, ɗan gurguzu ne ko ɗan jari-hujja, mai kaki ko mai rawani, ku dubi yadda yake yi da mai saɓa masa a cikin ƙungiyarsa tun yanzu da bai da kurkuku. Wanda ke korar mai tambaya daga zauren WhatsApp yau, kun ga abin da zai yi da ma'aikatar cikin gida gobe.

Ga mu masu riƙe da masallatai da ƙungiyoyi, gyara daga gida yake farawa. Masallacin da jama'arsa ke ɗaukar nauyinsa da guminsu, limaminsa ya fi samun sakin harshe a kan wanda ke jiran ambulan ɗan siyasa. Kwamitin da ke karanta lissafin kuɗi a fili, ya bar saurayi ya tashi ya ce bai gamsu ba, kuma gobe a gaisa da shi a sahu ɗaya, ya koyar da shawara fiye da huɗuba goma. Haka tsakanin ɗariƙa da Izala da sauran ɓangarori: wanda ya nemi sufurfe ya rufe masallacin ɗan'uwansa saboda saɓanin fahimta, ya sani ya miƙa makullin da za a rufe nasa da shi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya jiƙan Musulmin da suka rasu a wannan fitina, Ya ba dukkan iyalan da suka yi rashi haƙuri, Ya kuɓutar da wanda aka tsare bisa zalunci, Ya shiryi shugabanninmu zuwa ga adalci, Ya zaunar da Kamaru lafiya. Allah ne Mafi sani.